Turmi Sha Daka a Ramin Kumfa

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina yanzu, har carbina nakan tashi nema alhali yana wuyana, amma ranar da na ƙona kaskon surukina a fadamar Kudan, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta ma, mutanen ƙauyenmu ba su da wannan kirkin. Bari in faɗi gaskiya tun kafin wani ya riga ni: ni wawa ne a wancan lokaci. Ba irin wawan da yara ke bi da ihu ba, wannan ai da sauƙi, kowa ya san shi, wata rana shi ma yakan san kansa. Tawa wautar mai rawani ce, irin ta mutumin da ya haddace halin kowa a gari har da na akuyar maƙwabta, amma nasa halin ko ƙofarsa bai taɓa leƙawa ba.

A lokacin, shekara biyu ke nan da Turawa suka naɗe tabarmarsu aka ce mun samu mulkin kai. Ni dai rabona a ciki shi ne ajin yaƙi da jahilci na wata uku (malamin ya samu aikin awon gyaɗa ya bar mu a tsakiyar littafi, don haka in kun ga rubutuna yana ɗingishi, shi za ku nema). Gonata kuwa, in kaza ta yi gudu da gaske za ta fita ta ɗaya gefen ba ta gaji ba. Abu biyu nake ci da su a duniya: sana'ar dafa mazarƙwaila, da sunan da na yi. Kuma sunan ne ke riƙe da sana'ar.

Ga yadda aikin yake, don waɗanda a baki kawai suka san mazarƙwaila. Ana ɗaura wa doki wani dogon itace da ke haɗe da inji, yana zagayawa, inji yana matse rake. A kwashi ruwan a zuba a ƙaton kaskon ƙarfe, a hura masa wuta da busasshiyar tuƙar raken. Mai dafawa yana tsaye da ludayi mai dogon hannu, yana kwashe kumfa yana watsawa cikin wani rami a gefe. Duk wannan kowa ma zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne can ƙarshe, sa'ad da ruwan ya yi kauri ya fara tsalle kamar kwaɗi. A nan akwai ɗan lokaci da bai fi na alwala ba. Ka janye wuta da wuri ya ƙi daskarewa, ka makara ya ƙone ya yi ɗaci. Shi ya sa masu inji ba ƙaƙƙarfa suke nema ba, mai natsuwa suke nema. Ni kuwa daga Kudan har Makarfi an san babu abin da ke girgiza ni.

Sunan ya samo asali ne ranar da rumbuna ya kama da wuta, gyaɗar shekara guda a ciki. Jama'a suka taru da tuluna da ƙore, mata na salati, amma aikin gama ya riga ya gama. Na tsaya na harɗe hannuwa a baya na ce, "To jama'a, tunda ta gasu, wani ya taimaka da gishiri." Aka kwashe da dariya a tsakiyar jaje. Wani tsoho ya girgiza kai ya ce, "Kai, wannan ai turmi ne, sha daka." Shi ke nan, Turmi ya bi ni, ni ma na rungume shi hannu biyu. Abin da ban gaya wa kowa ba, domin ko kaina ban gaya wa ba, shi ne bayan gobarar nan sai da na kwana uku ina zawo, na kuma yi wa jakina dukan da har ya bar duniya bai ƙara yarda da ni ba. Zawon na ɗora wa wake, dukan na ɗora wa taurin kan jaki. Ban taɓa zama na haɗa su da rumbun ba.

Daga nan na zama malamin haƙurin da ba wanda ya naɗa. Duk inda aka yi asara ina wurin da bakina. Mafi muni, kuma wannan ba abin dariya ba ne ko da yake an yi dariyar, shi ne abin da na yi wa Ɗan'azumi, mai kora mana doki a inji. Baƙon dauro ya ɗauke masa ɗa, ya yi kuka a maƙabarta har da shessheƙa, a gaban maza. Ban bari an yi arba'in ba na laƙaba masa Damina. In ya iso aiki da safe sai in ɗaga kai in dubi sama in ce, "Ku kwashe shanya, ga hadari nan." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya wuce wajen dokinsa. Ni a ganina zama namiji nake koya masa, kyauta ma.

To, ina da 'yar fari. Yaran yanzu da ke saɓa ɗan fari a kafaɗa suna kiran sunansa a tsakiyar kasuwa ba za su gane ba, amma a zamaninmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ka ɗaukarsa, ba ka wasa da shi, ba ka nuna ka san yana gidan, sunansa kuwa ko da wuƙa a wuyanka ba ka faɗa. Kowa yana yi, amma ni da yake Turmi ne sai na ƙara gishiri. Shekara goma sha tara ban taɓa kiranta da komai ba sai "ke". In zan yi maganarta da uwarta sai in ce "waccan". An taɓa tambayata 'ya'yana nawa, na ƙirga na tsallake ta, aka yi ta yaba mini kunya. Da ta isa aure ta auri ɗan Malam Idi. Shi Malam Idin ne mai injin da nake wa aiki, sai ya zama ubangidana kuma surukina. Da ciki ya tsufa aka kawo ta gidanmu goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ran Talata da la'asar naƙuda ta kama ta. Gari ya waye Laraba, shiru, ba a sauka ba. An sha rubutu, ungozoma da ƙanwata suna ciki, ba abin da ke fitowa daga ɗakin sai nishi.

Na fito da ludayina a kafaɗa zan tafi fadama, mai ɗakina tana zaune bakin murhu, ba ta hura ba. Ita ma ai kunyar ta hana ta shiga ɗakin.

Ta ce, "Malam, da ka hutar da kasko yau."

Na ce, "A kan me?"

"A kan tun asuba ka zaga bayan gida sau huɗu. Kuma ka ce wa akuya 'yar banza mara tarbiyya, ita ko kallonka ba ta yi ba."

"Waken jiya ne."

Ta ce, "Jiya tuwo da miyar kuka aka yi a gidan nan. Kuma ba ka ci ba."

Na ce mata mata dai ba su rabo da neman magana, na sa kai na fita. (Da na tsaya na saurari wannan baiwar Allah na minti ɗaya, da yau ba ku da labarin karantawa.)

Na iske Malam Idi a gindin wani mangwaro kusa da inji, zaune kan buzu, carbi a hannu. Dattijo ne mai sanyin magana, irin waɗanda in sun ce maka sannu sai ka ji kamar an ba ka ruwa. Na durƙusa muka gaisa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya sanyin safiya, yaya doki. Muka gaida komai da kowa a duniya ban da abu ɗayan da ke cin mu duka biyu.

Sai ya ce, "Malam, ni yau na ajiye hannuna. Da safe na zo sa wa doki linzami na sa shi a juye. Na ce wa kaina, Idi, yau hankalinka ba ya tare da kai, nemi inuwa ka zauna kafin ka yi ɓarna. Ga wuri nan, zo mu zauna tare. A bar kaskon sai gobe, kwana ɗaya rake ba zai yi tsami ba."

Na ce, "Me ya faru yau ɗin, Malam? Ai Laraba ce kamar kowace Laraba."

Ya dube ni. Ya ce, "Raken da aka sare jiya na bakin rafi ne, wanda na keɓe tun damina. Shi nake so a raba ran suna, in Allah Ya sauke ta lafiya. Shi ne na ƙarshe, babu wani bayansa."

Na ce, "Ai shi ya sa ya kamata a dafa shi da ɗanyen zaƙinsa, a hannun wanda ya iya."

"Ka tabbata?"

"Malam, ni ne fa."

Ya ce, "To. Allah Ya taimaka."

Na miƙe ina ce wa raina, dubi babban mutum da gemu, ya zauna yana faɗa da bakinsa wai hankalinsa ba ya tare da shi, ko kunya babu. Har na fara laluben sunan da zan laƙaba masa, na tuna suruki ne na haƙura.

Aka kora doki, aka cika kasko, aka hura wuta. Ranar akwai jama'a, masu ɗauko rake, masu jiran saye, har da wani mai jakuna daga Janfalan da ya zo sari. Ni kuwa bakina ya buɗe kamar an cire masa marfi. Ban bar kowa ba. Na ce wa mai jakuna da shi da jakunansa ban san wanda ya ari kunnen wani ba. Na ce wa wani mai ɗauko rake tafiyarsa kamar agwagwa ta sha kanwa. Ɗan'azumi kuwa duk zagayen da zai yi ya wuce ta kusa da ni sai na tambaye shi ko za a samu yayyafi kafin azahar. Ana ta dariya, ni kuma ina jin daɗi, ina cewa yau kam Turmi ya nuna musu, 'yarsa na kan gwiwa shi yana ba da nishaɗi.

Can Ɗan'azumi ya tsai da ido a kaina ya ce, "Turmi, yau kuma a bakin hayaƙi ka tsaya?"

Gaskiyarsa. Duk mai dafawa yana ba iska baya don hayaƙi ya wuce gaba. Ni ranar na zagaya na tsaya daidai inda hayaƙin ke turnuƙewa, idona na ta zuba. Dalili kuwa, daga wannan gefen ne kaɗai ake hango hanyar ƙauyenmu. Wallahi ban san na yi ba. Ƙafafuna ne suka kai ni, ba su yi shawara da ni ba.

Na ce, "Ƙudaje nake kora, Damina. Kula da dokinka."

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da hanyar nan. Keke ɗaya ne tak a ƙauyenmu, na Ladan Tanimu, don haka duk wani saƙon gaggawa shi ake aika. Kuma yana da tsarinsa da kowa ya sani. In alheri ya ɗauko, tun daga tudu za ka ji ƙararrawa, yana tafe yana kaɗa ta kamar mai tallan alewa. In kuwa rasuwa ce, ba ya isowa kan mutane a bisa keke. Daidai wata tsamiya da ke saman fadama yake sauka, ya turo keken a hannu, kai a sunkuye, a hankali, don mai rabon jin labarin ya samu lokacin tattara kansa. Shekara da shekaru haka yake yi. Manoma a gona in sun hango Ladan yana tura keke, salati suke farawa tun kafin su san waye.

Rana ta kusa tsaka, ruwan rake ya yi ja, ya yi kauri, ya fara tsallen kwaɗi. Lokacin nan ne da na ce muku bai fi na alwala ba. Na ɗaga ludayi zan ce a janye wuta, na ɗaga ido ta cikin hayaƙi, sai ga Ladan Tanimu a gindin tsamiya. A ƙasa. Yana turo keke. Kansa a sunkuye.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ludayin ya suɓuce ya nutse cikin kasko. Sai na ji wani mutum yana kurma ihu, murya kamar ta ɗan akuyan da aka taka, ashe ni ne. Kuma abin da nake kira sunanta ne. Sunan nan da na yi shekara goma sha tara ina kewaye shi kamar rijiya, shi na kwarara a tsakiyar fadama, a gaban surukina, ba sau ɗaya ba, sau uku, kowanne da "wayyo" a gabansa. (Kada ku sa ran zan rubuta shi a nan. Na biya kuɗinsa sau ɗaya, ya ishe ni.)

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Ina! Na zabura zan tari Ladan, na yanki hanya mafi kusa, wato ta cikin da'irar doki, inda ko kare ya san ba a bi. Dokin bai san ana makoki ba, yana kan aikinsa. Dogon itacen nan ya zagayo ya same ni a ƙeya, tim, ya tura ni gaba, na yi taku uku a iska na faɗa ramin kumfa. Kumfar mako guda, ta yi tsami, ta yi yauƙi, ƙudaje da ƙudan zuma sun mai da ita gidan gado. Na zauna a ciki har ƙugu, hulata ta yi nata wuri, na ɗora hannu a ka, bakin nan nawa da ba ya gajiya ya ci gaba da aiki, sai dai yanzu ni yake yanka.

"Wayyo 'yata! Ni na saya mata awarwaron nan, ba goggonta ba! Ni ne! Ran da ta yi zazzaɓi ni na je Ikara a ƙasa neman magani na ce kasuwa na je! Ran da aka haife ta sai da na ɗauke ta a ɓoye! Ku kai ni in gan ta!"

Duk asirin da na binne shekara goma sha tara na tone shi da hannuna, na baje a rana, a gaban mai jakunan da na gama zagin kunnensa.

Kowa ya saki abin da yake yi. Doki ma ya tsaya. Malam Idi ya miƙe tsaye, leɓɓansa na motsi, yana jiran abin da Allah Ya aiko. Ladan ya iso yana haki, ya jingine keke, ya yi sallama, ya leƙo ramin ya ce, "Subhanallahi, me ya samu Turmi?" Sai ya juya wajen Malam Idi, fuskarsa ta washe.

"Malam Idi, albishirinka."

Dattijon nan ya ce, "Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari, Ladan, fari. Faɗi."

"An sauka lafiya. Namiji. Uwa da ɗa kowa lafiya lau, har ta sha kunu."

Malam Idi ya faɗi ya yi sujada a kan tuƙar rake. Ya ɗago hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba, bai kuma duba ko wani na kallo ba. Mai jakuna ne ya yi tambayar da ke bakin kowa. "To Ladan, don me ka turo keke?"

Ladan ya ce, "Ƙaya ce ta huda mini taya a bakin tsamiya. In hau in lalata ƙafar keken? Tun daga can nake dubawa ko zan ga inda ta shiga."

A nan ne fa Allah Ya ba ni dama ta ƙarshe in yi shiru, na ƙi karɓa. Kun san uban 'yar fari in an yi masa irin wannan albishir, abin da ake so ya ce "to, madalla" ya ci gaba da aikinsa kamar an ce masa kaza ta yi ƙwai. To ni, daga cikin rami, kumfa na ɗiga daga gemuna, ƙudan zuma biyu na shawagi a hancina, na gyara murya na ce, "To, madalla. Ni dama santsi ne ya kwashe ni."

Ɗan'azumi ya saki linzami. Ya tako har bakin ramin, ya tsuguna, ya ɗaga kai ya dubi sama kamar yadda nake masa kullum, sannan ya dubi fuskata. Ya ce, "Jama'a, ku kwashe shanya. Yau damina ta sauka a tsakiyar rani."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Gubuchi. Shi kansa sai da ya kwanta a ƙasa yana dukan turɓaya. Ladan ya riƙe ciki, mai jakuna ya riƙe jaki. Ana cikin haka sai wani wari ya ratso, wanda duk mai wannan sana'a ya fi tsoro da warin gobara. Ba wanda ya janye wuta, domin wanda zai ce a janye yana cikin rami. Raken bakin rafi, na ƙarshe, na ran suna, ya zama baƙin dutse a gindin kasko, ludayina a tsaye a tsakiya kamar an dasa shi. Kwana biyu aka yi ana sassaƙe shi da gatari. Malam Idi ya zo ya tsaya a kai ya duba, bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai, "Na ce ka zo mu zauna." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tafi gida a ƙasa, tuƙa ta manne mini ko'ina kamar kazar da aka fara figa aka fasa, ƙudaje na yi mini rakiya. Labari ya riga ni isa, ban san ta wace hanya ba, tunda keke ɗaya ne a garin kuma ba shi da iska. Mai ɗakina ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗauko ruwa a ƙwarya ta ajiye, ta ce, "Waken ne har yanzu?"

Ran suna, gidan mai injin mazarƙwaila guda, sai da aka aika kasuwar Makarfi aka sayo ta wasu aka raba. Duk wanda ya gutsura sai ya tambayi dalili, duk wanda ya tambaya sai ya samu mai ba shi labari da ƙari. Kafin sati ya zagayo Turmi ya mutu, an binne shi ba sallah. Sabon sunana shi ne ihun da na yi, "wayyo" haɗe da sunan yarinyar, kuma Ɗan'azumi ne ya raɗa shi, ya tabbatar ya kai har kasuwar Ikara. Ku dubi muguntar abin: ba ni da halin in ce a daina kirana kaza, domin in zan faɗi kazan sai na sake faɗin sunan. Haka na haɗiye. Daga baya suka ji tausayina suka gajarta shi zuwa Wayyo, shi ake kirana da shi har gobe. Na taɓa samun Ɗan'azumi shi kaɗai na ce ya yafe mini abin da na yi masa a kan ɗansa. Ya ce, "Na yafe, Wayyo." Bai kuma fasa kirana haka ba har ya koma ga Allah, ni ma ban ga laifinsa ba.

Na je wa Malam Idi da niyyar in ajiye aiki kafin a kore ni, domin wa zai ba mai ihu a rami kasko? Ya ce ba zai kore ni ba, hannuna yana da kyau, amma da sharaɗi. Kullum da safe kafin ya miƙa mini ludayi zai yi mini tambaya ɗaya, kuma gaskiya yake so. Tambayar ita ce, "Malam, yau kai ka zo, ko bakinka ne ya zo?" A gaban kowa yake yi. Da farko kamar in nutse. Amma dole ta sa na fara bincikar kaina a hanya tun kafin in iso: yaya cikina ya kwana, wa na zaga tun safe ba da laifinsa ba, ina ƙafafuna ke son kai ni. Ashe duk lokacin da abu ke cina, ta ciki yake fita, ko ta harshe, kuma duk gari sun san haka, har jakin da ya mutu ya sani, ni kaɗai ne baƙo. Ran da na ga alamun sai in ce, "Malam, yau bakin ne," in nemi inuwa in zauna, wani ya riƙe ludayi. Ban ƙara ƙona kasko ba.

Bayan wannan na ga abubuwan da suka fi gobarar rumbu nesa ba kusa ba. Na ga shekarar da gero ya bushe a tsaye, na binne mai ɗakina, na binne Malam Idi. Ban yi wa kowa barkwancin gishiri ba, ban kuma faɗa rami ba. Nakan ce yau ba ni da ƙarfi, in zauna, in ya zo in yi kukana, in ya wuce in tashi. Abin da na koya, kuma da tsada na saye shi, shi ne wanda ya ce hankalinsa ba ya tare da shi, ya fi wanda ya rantse nasa na nan kusa da hankalin. Turmi kuwa da nake ta alfahari da shi, na lura ba haƙuri ne da shi ba, baki ne kawai Allah bai ba shi ba. Ni ko an ba ni, har ya yi yawa.

Saura abu ɗaya. Kamar kwana goma bayan suna, da hantsi, na ratsa tsakar gida zan fita, na bi ta ƙofar ɗakin mai jego ina sauri kamar kullum, ido a ƙasa. Sai na ji an ce, "Baba." Na tsaya cak. Ta gaishe ni daga bayan asabari, na amsa a daƙile. Na ɗaga ƙafa zan wuce sai ta yi wata magana, a hankali, da dariya a ƙarƙashinta (jini ba ya ƙarya, bakin nan nawa ta gado). Na yi tari, na gyara hula, na fice kamar ana kirana a waje. Yau tana da jikoki, ni haƙorana huɗu suka rage, kuma har yanzu ban ba ta amsa ba. Cewa ta yi:

"Baba, ashe ka san sunana?"